Kama da Wane ba Wane ba ne: Tsokaci a kan Gwaje-gwajen Nikotin a Jikin Dabbobi Masu Ciki

Gabatarwa

Wannan takarda tsokaci ce a kan wani rukunin bincike da masana aikin sassan jiki suka gudanar a Amurka da Ingila, galibi tsakanin 1971 da 1992, inda suka riƙa ɗura wa tumaki da birai masu ciki nikotin, watau sinadarin nan mai sa jaraba da ke cikin ganyen taba, don su ga yadda gudanar jinin uwa da ta ɗan tayi za ta kasance. Sakamakon gwaje-gwajen ya daɗe da shiga littattafan ilmin kiwon lafiya. Daga can ya gangaro kwalejojin ilmi, daga kwalejoji zuwa allon makarantun sakandare, yana tafe yana ƙanƙancewa, har ya koma jimla guda wadda kowane ɗalibinmu zai iya kawowa a jarrabawa: shan sigari yana rage jinin da ke isa ga jariri a cikin mahaifa. Jimlar ba ƙarya ba ce. Amma a hanyar gangarowa an zubar da kaya biyu masu nauyi, watau sharuɗɗan da aka yi gwajin a cikinsu, da kuma tambayar ko wace mace ce tunkiyar ɗakin gwaji ta tsaya a madadinta.

Zan auna binciken da ƙasar Birnin Gwari, a yammacin Jihar Kaduna. Na zaɓe ta ne domin ta haɗa abubuwan da maganar ke bukata: daji mai ba da itace da gawayi, tumaki da awaki a gidaje da rugage, matan da ba a san su da busa sigari ba, da ƙauyukan da suka yi shekaru zuwa awon ciki yana yi musu wuya saboda rashin tsaro. Idan darasin da muke koyarwa bai yi wa matar Kuyello ko ta Randagi amfani ba, to da sauran gyara a cikinsa.

Yadda aka kai ga tunkiya

Tun a 1935 Sontag da Wallace suka lura, a Amurka, cewa bugun zuciyar ɗan tayi yana ƙaruwa idan uwarsa ta sha sigari. A 1957 likita Winea Simpson ta duba haihuwa fiye da 7,000 a Kalifoniya, ta tarar masu shan sigari sun kusa ninka sauran mata wajen haifar jarirai marasa nauyi. Ƙididdigar da ta biyo baya ta tsaya a kan cewa jaririn mai shan sigari yakan gaza na wadda ba ta sha da kimanin giram 200. To, amma ƙididdiga ɓarna take nunawa, ba ta nuna ƙofar da ɓarawo ya bi. Hayaƙin sigari ya ƙunshi dubban sinadarai, wanne ne mai laifin? Ba kuwa wanda zai yarda a tsaga cikin lafiyayyar mace a saka wa ɗanta bututu don neman amsa.

Nan ne tunkiya ta shigo. Joseph Barcroft na Jami'ar Kambirij shi ya buɗe wannan hanya, littafinsa a kan rayuwar tayi ya fito a 1946, sa'an nan Geoffrey Dawes ya ci gaba da aikin a Okusfod. Dalilin zaɓen tunkiya a fili yake. Ɗanta a ƙarshen ciki nauyinsa ya yi kusa da na jariri, ɗaya ko biyu take haifa, cikinta kwana 147 ne ko kusa da haka, wata biyar kamar yadda kowane makiyayi ya sani, kuma mahaifarta tana jure wuƙar tiyata ba tare da ta yi ɓari ba. A 1965 Meschia da Barron da abokan aikinsu suka nuna ana iya saka siririn bututun roba a jijiyar ɗan tayi a ɗinke, tunkiya ta farfaɗo ta ci gaba da tuƙarta, ana ɗibar jinin ɗanta kwana da kwanaki. Wannan babban ci gaba ne, domin maganin sa barci da zafin yanka su kansu suna birkita gudanar jini, har mai gwaji ya rasa bambance aikin maganin da yake gwadawa da aikin wuƙarsa.

Kafin mu shiga sakamako, ya kamata mu tuna da tsarin abin da ake aunawa. Jinin uwa da na tayi ba sa gauraya. Jijiyoyin mahaifa suna kawo jinin uwa zuwa mabiyiya, igiyar cibiya tana kawo na tayi, a can ake musayar iskar oksijin da abinci da dagwalo, kowa yana gefensa, kamar cin kasuwar kan iyaka. Idan mace ta kusa haihuwa, jinin da ke bi ta mahaifarta yakan kai rabin lita ko fiye a minti guda, kimanin ninki goma na lokacin da ba ta da ciki. Jijiyoyin sun riga sun buɗe kusan iyakar buɗewarsu. Ba su da sauran wurin ƙarawa, amma suna iya tsukewa.

Abin da aka gano

Suzuki da Adamsons da abokansu sun fara da birai. A 1971 suka nuna cewa idan aka ɗura wa uwa nikotin, ɗanta yakan shiga ƙarancin oksijin, jininsa ya yi tsami. A 1974 suka nuna nikotin yana ratsa mabiyiya da sauri ya shiga jikin tayi. A 1978 Manning da Walker da Feyerabend, a Ingila, suka ga wani abu mai ban sha'awa a tumaki: idan uwa aka bai wa, oksijin na jinin tayi ya sauka kuma motsin numfashin da tayi ke yi a ciki ya ragu, idan kuwa tayin aka bai wa kai tsaye, ba haka abin yake ba. Wannan ya fara nuna cewa ta jikin uwa cutar take biyowa.

Aikin da ya fi kowanne tsafta, a ganina, shi ne na Resnik da Brink da Wilkes na Jami'ar Kalifoniya a San Diyego, a 1979. Ina so in ɗan tsaya a kansa, domin ya cancanci a koyar da shi ko don tsarinsa kaɗai. Da suka ɗura nikotin a jinin tunkiya ya zagaya jikinta duka, jinin da ke bi ta mahaifa ya ragu da kashi 44 cikin 100. Wani da ya tsaya nan ya tafi ya buga. Su kuwa sai suka ɗura shi kai tsaye a jijiyar mahaifar, ba su ga ta tsuke ba. Ashe ke nan nikotin ba shi ne ke damƙe jijiyar da hannunsa ba, wani yake aikawa. Suka auna adirenalin da noradirenalin, watau sinadaran da jiki ke saki a lokacin firgita daga jijiyoyi da wasu 'yan ƙulluttai da ke bisa ƙoda, suka tarar sun hau. Daga ƙarshe suka ba tunkiya maganin fentolamin, mai toshe wurin da waɗannan sinadarai ke kamawa a jikin jijiya, suka sake ɗura nikotin, jini bai ragu ba. An ga ɓarawo, an ga ɗan aikensa, an toshe ƙofa an ga sata ta tsaya. Fassarar abin a taƙaice ita ce nikotin yana sa jikin uwa cikin halin tsoro alhali ba abin tsoro, jiki kuwa idan ya tsorata yakan janye jini daga ciki ya tura wa zuciya da tsoka.

Clark da Irion na Jami'ar Sinsinati sun ƙara a 1992 cewa, idan awon ya yi yawa, matsin jinin tayi yana hawa, bugun zuciyarsa yana sauka, jinin igiyar cibiya ma yana raguwa. A ɓangaren mutane kuwa, Lehtovirta da Forss na ƙasar Finland sun nuna a 1978 cewa kara ɗaya na sigari yana rage jinin mabiyiya nan take, ya dawo daidai cikin minti 15.

Inda gizo ke saƙar

Abu na farko shi ne awo. Resnik ya ɗura maikurogiram 14 zuwa 32 ga kowane kilo na nauyin tunkiya a kowane minti. Mu yi lissafin da ɗan aji uku zai iya. Mace mai nauyin kilo 60, idan aka yi mata wannan awo, za ta karɓi miligiram 0.84 zuwa 1.92 a minti guda. Abin da karan sigari ɗaya ke shigarwa jini kuwa miligiram 1 ne zuwa 1.5. Watau tamkar tunkiyar tana zuƙe kara ɗaya zuwa biyu ke nan a kowane minti. Wani zai ce dabbobi sun bambanta wajen saurin narkar da nikotin, saboda haka abin dubawa shi ne yawansa a cikin jini. Gaskiya ne, kuma ɗakin gwajin Resnik da kansa ya bi wannan hanya. A 1983 Monheit da Resnik da abokansu suka rage awon, suna auna nikotin a jini, ba su ga wani canji na a-zo-a-gani a gudanar jinin mahaifa ba. Wannan aiki na biyu ba ya cikin abin da ya iso allonmu. Lambar 44 ce ta yi suna domin ta fi tsoratarwa. Ni dai ina ganin malamin da ya kawo 1979 ya ɓoye 1983 bai yi wa ɗalibinsa adalci ba, ko da niyyarsa ta alheri ce, domin ranar da ɗalibin ya gano da kansa, har gaskiyar da aka gaya masa zai haɗa ya yi watsi da ita.

Abu na biyu shi ne lokaci. Ɗurin minti goma bai yi kama da wata tara ba. Masu aiki da ɓeraye sun yi ƙoƙarin cike wannan giɓi, suna dasa wa uwa ɗan famfo a ƙarƙashin fata mai ɗigar da nikotin dare da rana, kuma rukunin Lubo Zhang na Jami'ar Loma Linda ya nuna 'ya'yan irin waɗannan ɓeraye suna girma da jijiyoyi masu saurin tsukewa da zuciya mai rauni. Sai dai cikin ɓera kwana 21 ne zuwa 22, kuma yawancin girman da jariri ke yi a watanni ukun ƙarshe, ɓera bayan haihuwa yake yin nasa.

Abu na uku, wanda ya fi damuna, shi ne lafiyar tunkiyar. Dabbar ɗakin gwaji zaɓaɓɓiya ce, ƙosasshiya, an ba ta maganin tsutsa, ba ta zuwa rafi, ba ta daka. Wilkening da Meschia sun nuna a 1983, a Denba, cewa tayin lafiyayyar tunkiya yana ci gaba da samun oksijin da yake bukata har sai jinin mahaifa ya ragu da kusan rabi. Watau akwai rara da aka ajiye wa tayi. Wannan rara ita ta sa ake iya rage jini da kashi 44 ɗan rago ya tsira. To, amma abin da ke isa ga tayi ya dogara ga abu biyu: yawan jinin da ya zo, da yawan oksijin da jinin ya ɗauko. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙirga mai ciki cikin masu ƙarancin jini idan himogulobin ɗinta ya gaza giram 11 a kowace desilita, idan ya gaza 7 kuwa abin ya tsananta. Matar da ke kan 7, idan aka kwatanta ta da wadda ke kan 12, kowane cokali na jininta ya riga ya rasa fiye da kashi 40 cikin 100 na abin da zai ɗauka. Zuciya tana ƙara gudu don ta cike, amma rarar ta riga ta zaizaye tun kafin a zo maganar taba. Ba daga Turai muka koyi wannan hali na matanmu ba. Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya daga 1976 zuwa 1979, aikin ya fito a 1985, Alan Fleming da abokansa kuma suka nuna a 1986 irin rawar da zazzaɓin cizon sauro ke takawa wajen tsotse jinin masu cikin fari a wannan yanki. Saboda haka sakamakon 1983 mai kwantar da hankali bai kamata ya kwantar da namu ba. Ga ƙosasshiyar tunkiya ya yi magana.

A nan ne kuma bambancin mabiyiya ke da muhimmanci. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauta an fede tunkiya mai ciki ya ga mabiyiyarta gudaji-gudaji ce, sukan kai 70 zuwa 100, kamar maɓallai a jikin mahaifa, kuma jinin uwa yana cikin jijiyoyinsa bai fita ba. Ta mace faifai guda ce, jinin uwa yana kwarara cikinta ya taru kamar tafki, rassan tayi suna tsome a ciki. A cikin wannan tafki ne ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro ke maƙalewa su toshe musaya. Tunkiya ba ta da tafkin, ba ta kuma yin irin wannan zazzaɓi. Duk iya kyawun gwaji, ba za ta iya gaya mana abin da ke faruwa ba idan nikotin ya tarar da mabiyiyar da zazzaɓi ya riga ya cika.

Laifin da ya zama alheri

Masu sukar waɗannan gwaje-gwaje a ƙasashen da aka yi su suna da wani ƙorafi da suka fi maimaitawa: an ɗura tsantsar nikotin, alhali mace hayaƙi take sha, kuma a cikin hayaƙi akwai iskar kabon monoksaid wadda ita ma babbar mai laifi ce. Ƙorafin yana da tushe. Lawrence Longo ya nuna a 1977 cewa wannan iska, wadda ta fi oksijin kama himogulobin fiye da sau 200, tana taruwa a jinin tayi har ta ɗara ta uwa, kuma ta fi jinkirin fita. Wasu ma sun tafi har ga cewa tsantsar nikotin ba ta da wata illa, suna kafa hujja da gwajin da Coleman da abokansa suka buga a 2012, inda aka ba mata masu ciki 1,050 a Ingila filastar nikotin ko ta bogi, ba a ga bambanci a haihuwarsu ba. Hujjar ba ta da ƙarfi, domin waɗanda suka jure manna filastar fiye da wata guda ba su kai kashi 10 cikin 100 ba.

Amma mu juyo gida mu duba. Binciken shan taba tsakanin manya da aka yi a Nijeriya a 2012 ya nuna kashi 7.3 cikin 100 na maza suna shan taba ta hayaƙi, mata kuwa kashi 0.4 kacal. Matan da ke amfani da taba marar hayaƙi sun kai kashi 0.9, fiye da ninki biyu na masu busawa. Bahaushe ba ya bukatar ƙididdiga kafin ya san dalili. Macen da aka gani da karan sigari an gama yi mata suna, amma tsohuwar da ta kwance bakin zane ta ɗebo taba gari ta cusa a leɓe ba wanda zai ɗaga ido ya dube ta. Kamfanin Taba na Nijeriya ya buɗe masana'antarsa ta Zariya a 1959, amma taba ta riga kamfani zuwa da ƙarnuka, tun Ahmad Baba na Timbuktu yana ba da fatawa a kanta a farkon ƙarni na 17, kuma ta shiga gidajenmu ta hanyar lofe da gari da fure tun ba a san sigari ba.

Ga abin lura a nan. Mai cin taba gari nikotin take sha ba tare da hayaƙi ba. Ashe ke nan abin da ake ganin nakasu ne ga gwajin idan ana maganar matar London, shi ne ya sa ya fi dacewa da tamu. Tunkiyar Resnik ta fi kama da mai cin taba a ƙauyen Birnin Gwari fiye da yadda ta yi kama da matar da aka yi gwajin dominta. Daɗin daɗawa, akwai kanwa. Nikotin ba ya ratsa fatar baki sosai idan wurin da tsami, sai an kashe tsamin yake sakuwa ya shige jini. Kakanninmu da suka fara daka taba da kanwa ba su karanta kimiyya ba, amma sun gano abin da ke sa ta kama jiki, kamar yadda 'yan Sudan suka gano da tasu tabar da suke haɗawa da irin wannan gishiri. Benowitz da abokansa sun nuna a 1988 cewa mai cin taba yana kai nikotin na jininsa matsayin na mai sigari, kuma nasa ya fi daɗewa bai sauka ba, domin muddin tabar tana baki ana tsotsa. Idan kara ɗaya minti 15 yake tsuke jijiya, sai mu tambayi kanmu tsawon lokacin da ƙullin da ya wuni a kumatu zai ɗauka. Ba sai an yi hasashe kaɗai ba. Gupta da Sreevidya sun bi mata 1,217 a Mumbai ta Indiya, suka buga a 2004 cewa jariran masu cin taba sun gaza da giram 105, cikinsu kuma ya gajarta da kwana shida. A Suwidin ma, inda ake da cikakken rajistar haihuwa, an ga alaƙa tsakanin tabar leɓe da haihuwar bakwaini da mutuwar ɗa a ciki.

(Kanwa dai ta saba shiga tarihin zuciyar matanmu. Davidson da Parry sun danganta ciwon zuciyar masu jego a Zariya, a shekarun 1970, da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Wannan wata magana ce daban, na kawo ta ne don a ga cewa an taɓa yin bincike mai suna a duniya daga abin da ke cikin tsakar gidanmu.)

Fure kuwa, wanda mata ke gogawa a haƙori tare da goro don ado, nikotin da ke cikinsa bai kai na ganye ba. Amma da goro ake cin sa, goro kuma yana ɗauke da kafeyin, wanda shi ma yana ta da adirenalin.

Ina kabon monoksaid ɗin da aka ce babu? Yana murhu. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, faɗinsa murabba'in kilomita 1,121, wani yanki ne kawai na dazukan da suka kewaye Birnin Gwari, kuma da itace da gawayin wannan ƙasa ake girki a cikinta da ma wajenta. Da damina akan koma girki a cikin ɗaki, da hunturu akan kwana da garwashi. Mace mai ciki ita ce a bakin murhu safe da yamma. Abin da sigari ke haɗawa a kara guda, a wurinta ta ƙofa biyu yake shigowa: nikotin ta baki, iskar gawayi ta hanci. Kuma sai a faɗi gaskiya, ƙofar ta biyu ta fi faɗi nesa ba kusa ba. Masu cin taba 'yan kaɗan ne cikin ɗari, masu shaƙar hayaƙin itace kuwa kusan kowa ce. Malamin kiwon lafiyar da zai koyar a Dogon Dawa, idan ya ɓata darasi guda a kan sigari bai ambaci murhu ba, ya yi wa mutanen wata ƙasa darasi. Idan ma za a yi maganar sigari a can, to maigida ne abin yi wa magana, shi da ke busawa a ɗakin da matarsa ke kwana.

Su kansu dabbobin suna da haƙƙin a yi maganarsu don kansu, tun da mu masu kiwo ne. A ƙarshen shekarun 1960 manoma a Jihar Kentaki ta Amurka suka ga aladun da suka ci karan taba suna haifar 'ya'ya masu lanƙwasassun ƙafafu. An fara zargin nikotin, amma bincike daga baya ya karkata ga wani ɗan'uwansa mai suna anabasin, wanda ke hana tayi motsi a ciki har gaɓoɓinsa su sandare. An ga irin haka a shanu da tumaki da awakin da suka ci wata tabar daji. Wannan ya shafe mu ta fuska biyu. Al'adarmu ce a saki dabbobi cikin gona bayan girbi, saboda haka inda aka noma taba a fadama ko bayan gida, ya kamata a kau da karanta daga bakin mai ciki. Sa'an nan yana tuna mana cewa ba duk abin da taba ta yi ne aikin nikotin ba, ba kuma duk aikin nikotin ne ke bi ta jijiyar mahaifa ba.

Gwajin da ya dace da mu ba shi da wuyar tsarawa, kuma kayan aikinsa suna kusa. Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa tana Shika, Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana Samaru, tumakin Yankasa suna ko'ina. A yau ma ba dole sai an yi tiyata ba, domin na'urar hoton ciki tana auna gudun jini a jijiyar mahaifa da ta cibiya daga waje. Sai a ɗauki tumaki kashi biyu, ƙosassu da waɗanda rani da tsutsar ciki suka rage wa jini, a ba su ƙaramin awo irin na 1983, ta baki, tare da kanwa, na tsawon makonni. Idan rarar da Wilkening da Meschia suka auna ita ce ta ɓoye illar ƙaramin awo, a kashi na biyu za ta bayyana. Idan ba ta bayyana ba, to hujjar da na kafa a sama ta raunana, kuma wannan ma sani ne.

Akwai kuma abin da ba ya bukatar tunkiya ko ɗaya, wanda ya fi shafar mahalarta wannan taro, domin maganar harshe ce. A watan Nuwamba na 2024 Gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙulla sulhu da 'yan bindigar yankin, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe. Duk inda hanya ta buɗe, mata za su fito awo, ma'aikaciya za ta riƙe kati ta yi tambayar da aka fassaro mata daga Turanci: kina shan taba? Matar za ta ce a'a, har ta ji haushin tambayar, kuma ba ta yi ƙarya ba. A Hausa sigari da lofe ake sha. Taba gari cin ta ake yi, ko a shaƙa ta hanci, fure ma ci ake ce masa, wadda kuwa aka ba ta gari ta danna a kan haƙori mai ciwo, a wurinta magani ta sa. Aikatau guda ya rufe ƙofa uku. Ina kyautata zaton lambar 0.9 ma da ta ɗara haka da an bi kowace mace da kalmar da take kiran abin da ita. Ana iya tabbatarwa da gwajin kotinin, watau abin da nikotin ke komawa a jiki, wanda ake gani a fitsari ko yawu har kwana biyu zuwa uku bayan an yi amfani da taba. Kafin a samu kuɗin wannan, sai a gyara katin ya zama tambaya huɗu a madadin ɗaya: kina cin taba ko shaƙa? kina cin fure? maigida yana shan sigari a ɗaki? a ina kike hura wuta idan ana ruwa?